Maɓallin Mai Masauki

Akwai wani aiki da nake yi a shagona na gyaran kwamfuta wanda har yau ban samo masa sunan da zai gamsar da mahaifiyata ba. Idan ta tambaye ni me na wuni ina yi, sai in ce mata na wuni ina sasanta baƙo da mai masaukinsa. Takan ce Allah ya ba da lada, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ƙarya na yi mata ba, haka masu sana'ar suke kiran abin.

Ga yadda yake. Mutum yana da wata tsohuwar manhaja da ya saba da ita, wadda ba ta aiki sai a kan tsohon tsarin kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar ta mutu, ya sayi sabuwa, sabuwar ta ce ita ba ta san wannan manhajar ba. Sai mu gina masa wata kwamfutar ta ƙarya a cikin ta gaskiyar, mu zuba tsohon tsarin a ciki. Ta gaskiyar ita ce mai masauki, ta cikin kuma ita ake kira baƙo. Baƙon yana zaune cikin taga ɗaya a kan sikirin, yana zaton shi kaɗai ne a gidan. Sannan akwai wasu 'yan ƙananan manhajoji da ake sa wa a cikin baƙon don su riƙa kai saƙo tsakaninsa da mai masauki. Ni kayan baƙo nake ce musu. Su ke sa tagar ta buɗe ta cika sikirin, su ke sa maus ya shiga ya fita bai maƙale ba, su ke daidaita agogo, su ke buɗe folda ɗaya da duka biyun za su iya ajiya a ciki. In suna lafiya ba wanda ya san da zamansu. Ranar da suka lalace ake nemana.

Masu irin wannan matsala a Potiskum ba su da yawa, amma ba sa ƙarewa. Akwai mai ɗakin gwajin jini da injinsa bai yarda da kowace kwamfuta ba sai tsohuwar, akwai wani Ibo mai buga katin biki da ya rantse sabbin manhajoji ba su iya zanen fure ba. Halinsu ɗaya, ba sa tuna lambata sai tagar ta ƙanƙance. Ban damu ba. Ni mutum ne mai son aiki ya fita tsaf, kuma ina da ɗan ji da kai a kan haka. Gara in faɗa tun yanzu.

Wanda zan ba da labarinsa wani tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, gidansa a unguwar Dogo Tebo. Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Injiniya, da wata murya da ke nuna ya san ban taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Ɗan ƙabilar Ngizim ne, kuma ya yi shekara da shekaru yana tara kalmomin yarensu cikin wata manhajar haɗa ƙamus da aka ba shi tun yana aiki. Manhajar ta tsufa har masu ita sun manta da ita, shi ya sa na gina mata baƙo a cikin laftof ɗin da 'yarsa ta saya masa.

Rubutunsa ba irin namu ba ne. Ban da haruffa masu lanƙwasa da muka sani, kowane wasali yana ɗauke da ɗan kara a kansa, wani ya karkata dama, wani hagu, wani kuma ya yi masa hula. Su ke nuna inda murya ta hau da inda ta sauka. Ranar da na fara gani na ce masa shafin kamar kaji ne suka bi ta kai. Bai yi fushi ba, ya turo mini laftof ɗin.

"Injiniya, rubuta mini kuka."

Na rubuta.

"To, itacen ka rubuta, ko wanda ake yi da hawaye?"

Na ce ai ya danganta da maganar.

"Ya danganta da a samu mai maganar," in ji shi. "Kai ka san bambancin don ka ji a bakin mutane. Mu masu bakin ne suke ƙarewa."

Yadda yake sa alamar kuwa, yakan buga wasalin, sannan ya danne maɓallin kwantirol na dama da ɗan ƙaramin yatsansa, ya taɓa wani maɓalli, alamar ta hau. Hannunsa ya saba har ba ya kallo. Da ma ko ya kalla ba zai gani ba, don hawan jinin ido ya ci masa gefe da gefe. Haruffa yana ganinsu in an ƙara musu girma ya matso kusa, amma 'yan kararen nan ya fi shekara rabonsa da su. Rubutun hannunsa ma ya daina iya karantawa, shi ya sa ya ajiye littafi da biro, duk abin da ya ji kai tsaye yake bugawa.

Shi kansa yarensa bai cika ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. A cikin gari ya tashi, makarantar kwana ta ɗauke shi yana yaro, Hausa ta lanƙwasa masa harshe. Kalmomin yau da kullum ya daɗe da gama su. Abin da ya rage masa yana bakin mutum ɗaya, ƙanwar mahaifinsa, wata tsohuwa da ke zaune a ƙauyen Mamudo, wadda kowa a gidan yake ce wa Goggo. Ita ta san kalmomin kaɗi da saƙa, da na ginin tukwane, da sunayen ciyayin da aka daina ci, da maganganun mata a ɗakin haihuwa. Ya tambayi tsofaffi da dama, kowa ya ce ya taɓa ji amma ya manta. Goggo ba ta son zaman gari, kuma ta ƙi a ɗauki muryarta a waya. Ta ce ba za a ɗaure ta cikin ƙarfe a riƙa kunna ta a gaban maza bayan ta mutu ba. A shekarar da nake magana ciwon gwiwa ya kawo ta asibiti bayan girbi, ta yarda ta zauna a gidansa sati uku. Sati ukun nan shi ne duk abin da Baba yake da shi, kuma ya san da wuya ya sake samun irinsa.

Kwana biyu da zuwanta wayata ta yi ƙara da sassafe.

"Injiniya, baƙonka ya tsuke. Ka zo yanzu."

Na hau adaidaita na tafi. Abin da ya faru ba sabo ba ne. 'Yarsa ta haɗa laftof ɗin da datar wayarta don ta aika wata takarda, shi kuma da ya ji iska sai ya sabunta kansa ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Manhajar da ke riƙe da baƙon ta rikice, kayan baƙo suka daina amsawa. Tagar ta koma kamar tafin hannu a tsakiyar sikirin, maus in ya shiga ba ya fita. Ga mai ido ma wahala ce, balle Baba.

Goggo tana zaune a kan tabarma a gindin dogon yaro, ta miƙe ƙafafu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo, ta tambayi Baba wani abu da yarensu, ya yi dariya.

"Ta ce kai ne bokan?"

Na ce ni ne. Sai ta juyo da Hausarta, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Matanka ya haihu?"

Na ce ta haihu, biyu.

"To yi sauri. Ni ba zama na zo ba."

Aikin ya ci ni har hantsi ya ɗaga. Na fara adana fayilolin Baba a filash biyu, don ban taɓa fara gyara ban yi haka ba. Na cire manhajar mai masauki, wadda ke riƙe da baƙon, gaba ɗaya na sa sabuwa wadda ta dace da abin da laftof ɗin ya mayar da kansa. Na shiga cikin baƙon don in cire tsofaffin kayansa, suka ƙi fita, rabi ya tafi rabi ya maƙale, kamar yadda suka saba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tsince da hannu, na kashe na kunna sau uku, sannan na sa sababbi. Da baƙon ya tashi a karo na huɗu, tagar ta buɗe ta cika sikirin daga gefe zuwa gefe. Na ji daɗi, irin daɗin da nake ji kullum a daidai wannan wurin.

Ina da jerin abin da nake gwadawa kafin in ce na gama, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Sikirin ya buɗe. Maus yana shiga yana fita. Agogon baƙo ya yi daidai da na mai masauki. Na ajiye fayil a foldar haɗin, na same shi a ɗaya gefen. Sai kibod. Ina da jimla ɗaya da nake bugawa a kowace kwamfuta don in ga ko haruffan lanƙwasa suna fitowa: ɓarawo ya ɗauke ƙwarya. Na buga, duk ukun suka fito da ƙugiyoyinsu. Na goge.

Baba ya matso da fuskarsa dab da sikirin, ya yi murmushi da ya ga haruffansa manya-manya.

"Komai da komai?"

"Komai da komai, Baba."

Na rataya jakata na fita ina jin kaina.

Sau ɗaya na koma gidan a cikin sati ukun, don in mayar masa da cajarsa da na gyara wa baki. Na same su suna aiki. Baba yana kan 'yar kujera, laftof a kan teburin shayi, Goggo a tabarmarta da goro a kunci. Sai ta faɗi kalma, shi ya maimaita. Ta tafa hannu ta ce ba haka ba. Ya sake, ta sake tafawa. Wata kalmar sai ya faɗa sau biyar kafin ta gyaɗa kai, kuma a kunnena duk biyar ɗin ɗaya ne. Da ta gyaɗa sai ya sunkuya da sauri ya buga, kafin muryar ta zame masa daga baki, ɗan yatsan nan yana sauka yana tashi a kan maɓallinsa. Sannan ya rubuta ma'anar da Hausa a gefe.

"Ta ce yarena na 'yan kasuwa ne," ya gaya mini. "Ta ce da ubana yana da rai da ya sayar da ni ya sayi akuya."

"Akuya ya fi shi jin magana," in ji Goggo, ba ta ko kalle mu ba.

Aka kawo mini kunu na tsaya ina sha ina kallonsu. Ni ma mahaifiyata Bolewa ce daga Fika, kuma abin da na iya a yarenta bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba, amma ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin asara ba, kuma ranar ma ban ɗauka ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda tagar ta cika sikirin tsaf, ba ko ɗan baƙin layi a gefe. Na kalli faɗin sikirin na yaba wa kaina, ban karanta abin da ke cikinsa ba. Na ajiye kofi na yi musu sallama.

Da sati ukun ya cika Goggo ta koma Mamudo, don ta ce ba ta yarda da yadda surukarta za ta adana mata wake ba.

Duk ƙarshen wata 'yar Baba takan kawo mini laftof ɗin shago, in kwafe aikin a filash, in buga sababbin shafuka a takarda ta kai gida ta ajiye. Ranar ta kawo ta ce za ta shiga kasuwa ta dawo. Na tura wa firinta. Shafi goma sha ɗaya suka fito. Na jera su a kan tebur, kuma abin da na fara ji shi ne sun yi kyau. Sun fita fes, layi-layi, kamar jarida. Sai da na ɗauko shafin watan jiya daga ledar da ta zo da ita don in haɗa su, na ga nasa kararen birjik a kan kowace kalma, sababbin kuwa babu ko ɗaya.

Na ce firinta ce. Na buɗe fayil ɗin a sikirin, babu. Na ce ko wajen kwafewa ne suka zube, na shiga cikin baƙon, cikin manhajar kanta, babu. Daga kalmar da Baba ya buga ranar da na yi gyara har zuwa ta ƙarshe, haruffa suna nan, ƙugiyoyi suna nan, ma'ana tana nan, alama ko ɗaya babu. Na buga wasali, na danne kwantirol na dama, na taɓa maɓallin. Ba abin da ya hau. A nan na tuna.

Manhajar mai masauki tana ware wa kanta maɓalli ɗaya a kan kibod. Duk abin da aka danna tare da shi nata ne, ba ya isa wurin baƙo. In ba ta san abin da aka danna ba sai ta haɗiye shi shiru, ba ƙara ba gargaɗi. Kuma maɓallin da take zaɓa in an sa ta sabuwa shi ne kwantirol na dama. Shekarun baya, lokacin da na gina wa Baba baƙon, na lura da wannan karon, na mayar mata da wani maɓalli can sama da ba ya taɓawa. Ban rubuta a ko'ina ba, na manta. Da na cire ta na sa sabuwa sai ta koma halinta. Sati uku Baba yana dannawa, mai masauki yana haɗiyewa.

Na gwada kibod kam, amma gwajin mai rubuta Hausa na yi masa. Mu ba ma sa wa wasali komai, shi ya sa hannuna bai ko nufi wurin ba. Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na canza maɓallin, na gwada, alamar ta hau.

Na zauna da shafukan a gabana. Zuciyata ta kawo mini shawarwari, kuma ba zan ce ban saurare su ba. Baba ba ya ganin alamun. 'Yarsa ba ta karanta shafukan, a leda take sa su. Ko an gano wata rana, laftof ɗin da ya sabunta kansa yana nan, ba shi da bakin musu. Na ji tsoro, na ji kunya, kunyar ta fi yawa. Da 'yarsa ta dawo na tambaye ta lafiyar Goggo, ina fatan ta ce tana can tana faɗa da surukarta.

"Au, ba ka ji ba? Ta faɗi kwana biyar ke nan. Shanyewar ɓarin jiki ce. An sallamo ta jiya, amma bakin ya karkace."

Na rufe shago bayan la'asar na ɗauki laftof ɗin da kaina. Na sami Baba a zaure yana lazimi. Na jira ya shafa, na gaishe shi, na yi masa ya mai jiki. Sannan na gaya masa, daga farko har ƙarshe, ban ɗora wa laftof laifi ba. Na ce ni ne ban gwada ba.

Ya miƙo hannu na ba shi shafukan, ya shafa na farko da yatsa kamar zai ji su.

"Na danna fa, Injiniya. Kowace kalma na danna."

"Ka danna, Baba. Bai isa ba ne."

"Duka?"

"Duka."

Na ce ko zai iya tunawa, tunda shi ya maimaita su da bakinsa. Ya sa na buɗe masa shafin farko na ƙara girma. Ya karanta kalma ɗaya, ya faɗe ta murya ta hau, ya sake faɗa murya ta sauka. Ya tsaya yana sauraren kansa. Ya sake faɗin duka biyun.

"Duk sun yi mini daidai," ya ce. "Shi ya sa nake bugawa da sauri."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na san inda zan ajiye kaina. Bai yi ba. Ya naɗe shafukan ya sa a aljihun babbar riga, ya ce gobe in zo da safe, in tabbatar batirin ya cika.

Washegari muka ɗauki shatar adaidaita zuwa Mamudo, ni da shi. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki. A hanya ya tambaye ni ko na ci abinci. Jakar laftof ɗin tana kan cinyata, na riƙe ta hannu biyu saboda ramuka.

Surukar Goggo ta tarbe mu ta kai mu ɗakin. Goggo tana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina mata filo. Gefen fuskarta na dama ya saki, hannun gefen yana ajiye a kan zani kamar ba nata ba. Idanun dai nata ne. Baba ya zauna kusa da kanta ya gaishe ta da yarensu, doguwar gaisuwa. Ta amsa da wani sauti da ba shi da hawa ba shi da sauka. Ya kalle ni, na ga ya fasa. Ya ce mini a hankali mu bar zancen, dubiya muka zo.

Goggo ce ta ga jakar. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna ta, ta nuna shi, ta sake nuna jakar. Baba ya sunkuya ya yi mata bayani. Ban san yadda ya faɗa ba, amma ta juyo da idanunta kaina ta daɗe tana kallona, na sunkuyar da kai. Sannan ta buga katifa da tafin hannu, alamar a fara.

Na kunna laftof ɗin na ɗora masa a cinya, na ƙara girman haruffa har kalma ɗaya ta kusa cika layi. Ya karanta ta farko, ya faɗe ta sama, ya faɗe ta ƙasa, ya kai kunnensa bakinta. Ta yi ƙoƙari. Abin da ya fito bai rabu da numfashi ba. Ya ce ta gyaɗa kai kawai in ya faɗa daidai. Ya faɗi ta farko ta yi shiru, ya faɗi ta biyu ta yi shiru. Ko ba ta ji ba ne, ko duk ba su yi ba, ba mu sani ba. Ya wuce ta gaba. Haka muka bi rabin shafi, surukar tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa.

Sai muka zo kan wata kalma. Ba zan rubuta ta a nan ba, don kada in yi mata laifi na biyu. Ma'anar da ke gefenta ita ce gululu, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ake sa wa a gindin mazari don ya yi nauyin juyawa. Baba ya faɗe ta sama. Ya faɗe ta ƙasa. Goggo ta haɗe girar da ke motsi, ta ɗaga hannun hagu ta kai masa duka a gwiwa. Sai ta faɗe ta, sarai, da muryarta ta gindin dogon yaro. Ba sama ba ce, ba ƙasa ba ce. Ta hau ne a farko, ta karye a tsakiyar wasalin ƙarshe ta gangaro. Har ni na ji bambancin.

Baba ya maimaita. Ta sake kai masa duka. Ya sake maimaitawa, ta lumshe ido. Ya sunkuya da sauri, ɗan yatsan ya sauka ya tashi sau biyu.

"Injiniya, duba mini. Ya hau?"

Na leƙa. "Ya hau, Baba."

"Duka biyun? Na ƙarshen mai hula ne."

"Duka biyun. Mai hula ne."

"Adana shi."

Na adana, na kuma kwafe a filash nan take yana ji.

Ya karanta kalma ta gaba, ya faɗe ta iri biyu, ya ƙara da iri na uku, ya jira da yatsansa a kan maɓallin. Goggo tana kallonsa, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito. Ya sake faɗa. Ya wuce ta gaba, ya dawo. Muka zauna haka har aka kira azahar, surukar ta shigo ta ce a bar ta ta huta.

Mun sake komawa sau biyu a cikin satin, ba ta ƙara cewa komai ba. Kwana tara bayan zuwanmu na farko aka yi mata sutura. Baba ya tambayi duk wanda ya zo gaisuwa daga ƙauyuka, ba wanda ya san kalmomin, kuma ya ƙi sa wa ko ɗaya alama da ka. Ya ce ba zai sa mata a baki abin da ba ta faɗa ba. Shafi goma sha ɗayan suna nan cikin ƙamus ɗin yadda suke, kalma ɗaya ce a cikinsu ke da alama.